Makaman da ke kashe mu a gida, ta wace ƙofa suke shigowa?

Malamin Firamare, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar muka je ta'aziyya wurin mai shayin layinmu. Ƙanensa ne ya rasu can gida a Borno, yaro ɗan shekara 16. Ya fita bayan gari neman itace, ya taka abin da aka binne. Shi ba soja ba, ba ɗan sa-kai ba. Mun tarar da yayan nasa zaune a kan benci, tukunyar shayi a kife, yana ta miƙa wa kowa waya a ga hoton yaron da kayan sallah.

A wurin ne wani dattijo ya ce, shin ba an ce duniya ta haramta nakiya ba? Wani ya amsa masa cewa ai takarda ce kawai. Maganar nan ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni dai ban yarda takarda ce kawai ba. A 1992 ƙungiyoyi shida kacal suka haɗa kai suka ce sai an hana nakiyar da ake binne wa mutane. Babu gwamnati ko ɗaya a cikinsu. Likitocin da suka gaji da yanke ƙafafun manoma ne, da masu tonon nakiya, da waɗanda abin ya nakasa. Shekara biyar bayan nan, a Disambar 1997, ƙasashe 122 suka sa hannu a kan yarjejeniyar hana nakiyar a birnin Ottawa na Kanada. A shekarar aka ba gangamin da shugabarsa Jody Williams kyautar Nobel, kuma cikin waɗanda suka karɓa a Oslo har da Tun Channareth, mutumin Kambodiya da nakiya ta cinye wa ƙafafu biyu, a kan kekensa. Daga lokacin zuwa yau an lalata nakiyoyi fiye da miliyan 55 da ke jibge a rumbunan sojoji. Mozambik da yaƙi ya cika da su ta gama share ƙasarta a 2015. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 2001.

Tambayata ita ce: in talakawa sun iya tanƙwara gwamnatoci a kan nakiya, me ya hana mu yin haka a kan bindiga da harsashi? Mu da muke zaune a bakin tashar jiragen ruwa, muna da bakin magana ko ba mu da shi?

Mai Canji, Idumota:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaro, ya ba iyaye haƙuri. Amma Malam, da girmanka, ka faɗi rabi ka bar rabi. Amurka ta sa hannu? Rasha fa? Sin? Indiya da Pakistan? Babu ko ɗaya. Masu ƙera abin sun tsaya a waje, an tara mu masu saye an ce mu rantse. Kuma a 2025 Foland da Finlan da Lituweniya da Latbiya da Estoniya duk suka ce sun fita, wai suna tsoron Rasha. Da wuta ta zo gemunsu sai suka yar da takardar. To mu ne za mu riƙe ta?

Malamin Firamare, Agege:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, kuma fitar ƙasashen nan ta yi mini ciwo ƙwarai. Sai dai biyar sun fita, fiye da 150 suna ciki. Kafin 1997 nakiya haja ce da ake tallarta a baje kolin makamai kamar taya. Yau ko wanda bai sa hannu ba yana jin nauyin a ce shi ne ya sayar. Wannan kunyar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ne suka gina ta.

Ɗan Gwoza, Obalende:
Malam, kunya sai mai ita. Wanda ya binne abin da ya kashe yaron nan bai san Ottawa ba, kuma bai saya daga kamfani ba. Da jarka ko tukunya yake haɗa ta, da batirin tocila da katako biyu. Ku da ba ku zauna can ba ba za ku gane ba. A garinmu akwai ramin da aka haƙa aka zagaye gari, in ka tsallake shi da kilomita kaɗan to ranka na hannun Allah. Mahaifiyata tana da gona tana kallonta daga nesa, shekara da shekaru ba ta sa fartanya a ciki ba. Ni da ke tura baro a nan ni nake aika mata kuɗin masara. A Afrilun 2025 kun ji motar da ta taka nakiya a hanyar Rann zuwa Gamboru, mutum 26 suka mutu. Kafin ita akwai ta hanyar Damboa. Wace yarjejeniya ce ta tare su?

Ɗalibar Shari'a, Akoka:
Sannu Yaya, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ina so in ƙara abu ɗaya, don shi ne ya shafi gonar Mama kai tsaye. Yarjejeniyar ba ta ce sai ƙirar kamfani ba. Duk abin da aka binne wanda takun mutum ko kusantarsa ke tayar da shi, nakiya ce a idon dokar, ko da a jarka aka haɗa ta. Kuma nauyin share ta yana kan gwamnatin da ke da ƙasar, ko wane ne ya binne. Najeriya ta taɓa shelanta cewa ta gama share nata, wato ragowar yaƙin basasa a kudu maso gabas. Daga baya dole ta koma gaban sauran ƙasashe ta amsa cewa akwai sababbi a Borno da Yobe da Adamawa, ta nemi ƙarin wa'adin share su. Da ba don takardar ba, babu inda za a tsayar da ita a tambaye ta ina aka kwana. Yarjejeniyar ta ce kuma a kula da waɗanda suka nakasa. To wannan haƙƙi ne da za a iya nema da suna, ba alfarma ba.

Inda take da giɓi shi ne nakiyar da ake dasa wa mota, da wadda mutum ke laɓewa ya tayar daga nesa. Waɗannan ba su shiga ciki ba.

Ɗan Gwoza, Obalende:
Ƙanwata, ban san da wannan ba wallahi. To in haƙƙi ne, wa za mu kama? Masu wayar da kai suna zuwa sansani da hotuna suna cewa in ka ga waya ko sabuwar ƙasa a kan hanya kar ka taɓa. Yara sun haddace. Amma tonowar ita ce ba mu gani ba sai inda soja zai wuce.

Direban Tirela, Apapa:
Salam. Ku bar ni in shigo ta ɓangaren da na sani, don shekarata 22 ina ɗaukar kwantena daga Apapa da Tin Can zuwa Kano. Malam ya tambaya ko muna da bakin magana. Muna da shi, har ya yi yawa.

A Oktoban 2010 an buɗe kwantena 13 a Apapa da aka rubuta kayan gini. Rokoki ne da gurneti da harsasai, daga Iran. A 2013 kotun tarayya a nan Legas ta ɗaure wani ɗan Iran da wani ɗan Najeriya shekara biyar-biyar. A 2017 kuwa sau huɗu kwastan suna kamawa. A Janairu bindiga 661 a ɓoye cikin ƙofofin ƙarfe, kuma wannan har ta riga ta fito daga tasha, a kan titi aka tare motar. A Mayu 440. A Satumba 1,100 cikin kwanukan wanke hannu, sati biyu ba su cika ba aka sake samun 470. Ku haɗa, 2,671 a shekara ɗaya, yawancinsu daga Turkiyya. Waɗanda aka kama ke nan.

Abin da nake so ku gane, kwantena ba ta da ƙafa. Mu ne ƙafarta. Ana ba ka ita da sil, wato hatimin kulle, a jiki, a ba ka webil, wato takardar kaya, an rubuta tayil ko kayan famfo, ba ka da ikon buɗewa. Wata shekara wani ejan da ban taɓa aiki da shi ba ya same ni a gareji, ya ce zai ba ni kuɗin lodi biyu a kan lodi ɗaya, da sharaɗin in tashi da dare, kar in kwana a inda muka saba kwana, kuma yaronsa zai zauna a gaba maimakon yaron motata. Na ce a nuna mini takardar fitar kaya, ya ce ba ruwana. Na ce to motata ta lalace. Ban san me ke ciki ba har yau, mai yiwuwa ma shinkafa ce. Abin da na sani, kafin magariba wani ya ɗauka. Ɗan garinmu ne, yana da 'ya'ya bakwai da bashin taya.

Mai Canji, Idumota:
To ka gani. Talauci ne, ba rashin yarjejeniya ba.

Direban Tirela, Apapa:
Alhaji, talauci ne ya sa ya ɗauka, amma ba talaka ne ya yi odar ba. Wanda ya cika kwantena da bindiga a Turkiyya, da kuɗin waje ya biya. Wani ya canza masa su. Ban ce kai ba, Allah ya kiyaye, amma kowa a cikinmu akwai inda igiyar ta bi ta gabansa.

Mai Canji, Idumota:
Wannan magana ta yi nauyi, Direba.

Admin:
Alhaji a yi haƙuri, ya riga ya ce ba kai yake nufi ba. A ci gaba cikin mutunci, kuma kar a kira sunan kowa.

Ɗalibar Shari'a, Akoka:
Abin da Baba Direba ya kawo shi ne ainihin abin da gangami na biyu ya yi faɗa a kai. A 2003 Oxfam da Amnesty da gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da ƙananan makamai suka fara neman a yi wa cinikin makamai doka. Sun tara hotunan fuskokin mutum miliyan ɗaya suka miƙa wa Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, a 2006. Sai 2 ga Afrilun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai, ƙasashe 154 suka goyi baya, uku suka ƙi: Iran da Siriya da Koriya ta Arewa. Najeriya ce ta fara tabbatar da ita a duk Afirka, a Agustan shekarar.

Amma ba irin ta nakiya ba ce. Waccan ta ce haram, kar a ƙera, kar a ajiye, kar a sayar. Wannan cewa ta yi mai sayarwa ya duba ko za a yi ta'asa da kayan ko za su karkace zuwa wani hannu. Shi ne mai saye da sayarwa, shi ne alƙalin kansa. Shi ya sa ba ta da haƙora sosai. Ta ECOWAS ta 2006 ta fi ta tsauri, don ita cewa ta yi ba ƙasar da za ta shigo da ƙananan makamai ko harsashi sai da izini na musamman daga hukumar ECOWAS, kuma a yi wa kowace bindiga lamba.

Tsohon Soja, Ojo:
'Yata ta yi bayani mai kyau. Ni kuma zan faɗi abin da ba a son ji. Kowa na nuna teku, kowa na nuna Libiya. Ku juyo ku dubi gida. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ba 'yan adawa ne suka rubuta ba, ofishin gwamnati ne. Masu bin diddigin lambobin bindiga na Conflict Armament Research da suka duba waɗanda aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, sun sami na Libiya, sun sami na rumbun Kodebuwa, sun sami na Turkiyya da suka bi ta Legas, sun kuma sami na jami'anmu.

Sannan ku daina kallon bindiga kaɗai. AK tana iya shekara 40 tana aiki in ana shafa mata mai. Harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindigar da ke daji kullum yana bukatar sabo, kamar yadda mota ke bukatar fetur. Wa ke kai masa? A zamaninmu in ka dawo daga aiki sai an ƙirga harsashinka ɗaya bayan ɗaya, wanda ka harba ka kawo kwankonsa ko ka rubuta dalili. In da ni za a tambaya, duk ƙarfin gangamin a mayar da shi kan ƙirga harsashi da buga wa kowane akwati lamba. Bindigar da ba harsashi sanda ce.

Ɗan Zamfara, Mile 12:
Duk na karanta. Baba Soja, Allah ya ƙara girma, amma ni wannan zance na hana makami tsoro yake ba ni. A ƙauyenmu wa ake hanawa? Mu. Mai harba-ka-ruga da ya gada daga kakansa shi ake kamawa. Wanda ya zo da babur 50 kowanne da mutum biyu da AK, wa ya karɓi tasa? Sun kwashe mana shanu, sun sa mana harajin noma, sun ɗauki matar wana sai da muka sayar da gona biyu. A 2022 gwamnan jiharmu da kansa ya ce kowa ya nemi lasisi ya mallaki bindiga. Ni na goyi bayansa har gobe. Ku fara karɓe ta ɓarawo, sannan ku zo ku yi mini wa'azi.

Uwar Marayu, Idi-Araba:
Ɗana, babu mai yi maka wa'azi. Wanda aka ɗaukar wa mace bai bukatar a koya masa zafi. Amma ka saurari uwarka.

Ina garin nan ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta. Ina tuyar ƙosai na yamma ƙasa ta girgiza, man ya fantsama a kan zanena. Mun ɗauka juyin mulki ne ko yaƙi. Mutane suka yi ta gudu ba su san inda za su ba, dare ya yi, suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa da ciyawa ta rufe kamar fili. Fiye da mutum 1,000, yawancinsu mata da yara. Babu abokin gaba ko ɗaya a ranar, kayan da aka ajiye don kare mu ne. Sai a 2023 aka koma kwashe ragowar bama-baman da suka watsu a wurin.

Mako ɗaya bai cika ba rikici ya tashi a unguwarmu. Na ga yaran da na sani tun suna tallan ruwa riƙe da abin da ban san akwai shi a Idi-Araba ba, ta kowane ɓangare. Da aka yi sulhu, manya suka sha hannu, makaman ba su koma inda suka fito ba. Da su aka riƙa tare mutane a lungu, da su aka yi zaɓe. Yaran da nake riƙo yanzu, biyu daga cikinsu ba ɓarayin daji ne suka kashe ubansu ba, maƙwabci ne a kan iyakar gona, da bindigar da aka saya don tsaron gari. Ban ce ka zauna a yanka ka ba. Ina tambaya ne, ranar da aka gama, wa zai bi gida-gida ya karɓa?

Ɗan Zamfara, Mile 12:
Inna, na ji, kuma ban raina maganarki ba. Amma ranar da aka gama ɗin sai wanda ya rayu zai gan ta.

Ɗan Agadas Mai Gadi, Ikoyi:
Gaisuwa ga manya. Tambayar Inna mu mun ga amsarta sau ɗaya. A Maris 1996 a Tumbutu aka tara bindigogi wajen 3,000 na 'yan tawaye aka cinna musu wuta a gaban shugaban Mali na lokacin, Alpha Oumar Konaré. Mu ma a Agadas an yi irin ta a shekarar 2000, ina saurayi, na tsaya na ga hayaƙin da idona, tsofaffi suna kuka. Daga wutar Tumbutu ne Konaré ya kawo shawarar dakatar da shigo da ƙananan makamai, shugabannin yammacin Afirka suka sa hannu a Abuja a 1998. Wato wannan ba Turawa ne suka kawo mana ba, mu muka fara.

Sai 2011 ta zo, aka kashe Gaddafi, rumbunansa suka zama ba mai gadi. Motoci suka riƙa ratsa sahara da kaya. Abin da aka ƙone a shekaru, an mayar da ninkinsa a watanni. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ECOWAS tun Janairun 2025. Iyakar tana nan yadda take, tsawonta fiye da kilomita 1,400 tsakaninmu da ku, amma masu tsaronta ba sa zama tebur ɗaya kamar da. Wannan ya fi damuna fiye da fitar Foland.

Ɗan Gwangwan, Alaba Rago:
Ni ƙaramar tambaya gare ni, don Allah. Yaranmu 'yan jari-bola suna kawo ƙarfe kowane iri. Watan jiya wani ya kawo wani abu mai kamar kwalbar lemo da fiffike a gindi, duk tsatsa, har ya ɗora a sikeli. Wani dattijo ne ya daka mana tsawa muka watse, aka kira jami'ai suka ɗauke. Na ji a Borno gwamna Zulum ya hana sana'ar tun 2023. Mu nan ba mai koya mana komai. Ina za mu sami hotunan nan da Ɗan Gwoza ya ce ana nuna wa yara?

Tsohon Soja, Ojo:
Harsashin turmi ne wannan, kuma tsatsa ba ta kashe shi. Kar a ɗaga, kar a buga, kar a sa wuta, kar a jefa a ruwa. A matsa nesa a kira 'yan sanda masu kwance bam. Zan zo da kaina ranar Asabar in yi wa yaranka bayani, ka tara su bayan azahar.

Ɗalibar Shari'a, Akoka:
Zan nemo hotunan wayar da kan in turo nan, akwai na Hausa da na Kanuri. Kuma tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta taƙaita ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, an sa wa dokarta hannu a 2024. In ƙungiyar direbobi da shugabannin kasuwanni suka rubuta mata wasiƙa ɗaya, a nemi hanyar da direba zai kai rahoton lodin da bai yarda da shi ba ba tare da an kama shi ko an fallasa shi ba, ni zan tsara rubutun.

Mai Canji, Idumota:
Har yanzu ban yarda manyan ƙasashe za su bar cinikin nan ba. Amma wasiƙar, a kawo in sa hannu. Kuɗin buga hotunan kuma a bar mini.

Malamin Firamare, Agege:
Allah ya saka, Alhaji. Ɗan Gwoza, a sa maganar gonar Mama a wasiƙa ta daban, da sunayen garuruwan da ake so a share, kai ka fi mu sanin su. Ɗan Zamfara, ban da amsar da zan ba ka a daren nan wadda za ta kare ƙauyenku, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ina roƙonka dai ka zo zaman, don in babu irinka a ciki, za mu rubuta abin da mutanen gida ba za su gane kansu a ciki ba.

Ɗan Zamfara, Mile 12:
Zan zo. Amma a rubuta harajin noman, da adadin da muka biya bana.

Direban Tirela, Apapa:
A sa zaman ranar Juma'a ta sama bayan an sauko, a nan Agege, don gobe da asuba ina da lodin Kano, sai Laraba in Allah ya dawo da mu. Zan yi wa shugaban garejinmu magana tun yau, in kuma taho da direbobi biyu da suka taɓa kwana a sel a kan kayan da ba su san da su ba.